Jiniyar layinmu a Mamobi: na'urar ta cika alkawari, shawarar mai shagon ce ta jawo mana matsala

Duk wanda yake zaune kusa da babbar magudanar ruwan da ta raba Nima da Mamobi ya san cewa ruwan damina a Akra ba ya sallama kafin ya shiga gida. Tun daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah har mutum fiye da 150 suka rasu, dattawan layinmu suke maganar neman abin da zai tashi jama'a daga barci gaba ɗaya. Maganar ta yi ta jan ƙafa har zuwa farkon Janairun 2025 da kasuwar Kantamanto ta ƙone, sannan aka yi karo-karo, aka ɗora mini nauyin sayo jiniya da kula da ita. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da na gani game da na'urar da kuma aikin shagon da ya kafa mana ita.

Wadda muka saya ba irin ta dā ba ce mai injin da ke juya farfela yana yanka iska. Ta lantarki ce: akwatin amfilifaya, da lasifika biyu masu faɗin baki da aka ɗaure a kan dogon ƙarfe bisa rufin wani bene, da batir, da ƙaramin farantin sola. Wannan batir shi ne babban abin da na yaba, domin a unguwanninmu ruwa mai ƙarfi da ɗaukewar wuta kusan tare suke zuwa, kuma jiniyar da ta dogara da wutar gari kaɗai za ta yi shiru a daidai lokacin da ake buƙatarta. Mun gwada ta sau da dama babu wuta, ba ta taɓa ba mu kunya ba. Yaran shagon ma sun yi aiki mai tsabta, sun saka wayoyin cikin bututu, sun toshe bakin akwatin don kada ruwa ya shiga.

Game da nisan ƙara kuwa, mai shagon ya cika baki fiye da kima. A fili, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da nisa ya ninka, balle a unguwa irin tamu mai lunguna da gidaje manne da juna. Idan ruwa yana dukan rufin kwano, gidajen da ke can ƙarshen layi, waɗanda su ne mafi kusa da magudanar, da ƙyar suke jinta, alhali maƙwabtan benen sai sun toshe kunnuwan jarirai. Da an zagaya unguwar kafin a kafa ta, da an karkata baki ɗaya zuwa gangare.

Sai dai ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ranar da muka je ciniki, mai shagon ya ce wa Baba Liman: "Baba, ai wannan riba biyu ce, ku tashi mutane sahur da ita, ku kira taro da ita, kuɗinku ba zai kwanta ba." Maganar ta yi mana daɗi, ni ma ban musa ba. Na'urar tana da sauti iri uku da makirufo, amma sai ya haɗa mana maɓalli guda ɗaya a bango, mai fitar da kuka iri ɗaya, wato mai hawa da sauka ɗin nan na gobara, ya ce haka ya fi sauƙi.

Azumin bara da ita aka tashi mutane sahur kullum, kuma a kwanakin farko kowa yana sa albarka. Ba mu ne muka fara irin wannan ba, don a garuruwa da yawa na Indonesiya da jiniya ake sanar da buɗe-baki. Bayan Sallah sai aka danna ta don kiran aikin gayya na yashe kwata, daga nan aka danna ta don sanarwar jana'iza, wata rana kuma samari suka danna ta saboda ƙungiyar ƙwallon layi ta ci wasa. Kowace buƙata idan aka dube ta ita kaɗai tana da hujjarta, shi ya sa ya yi wuya a hana wani bayan an bar wani.

A wani dare cikin watan Yuni, wajen ƙarfe 2, ruwa ya tumbatsa ya fara tsallake bakin magudanar. Na fita a guje na danna maɓallin, na riƙe shi har yatsana ya ƙage. Gidaje kaɗan ne suka kunna fitila. Sai da muka koma bin ƙofa-ƙofa muna bugawa da hannu, kamar yadda ake yi kafin a sayi komai. Wata Hajiya mai sayar da koko da ƙosai, wadda buhunan gerona na koko suka jiƙe a ɗakinta, ta ce mini washegari: "Malam, wallahi na ji ta sarai, na ɗauka wani ne ya rasu za a yi sanarwa da safe, sai na gyara kwanciya." Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba, amma maganarta ta fi komai tsaya mini a zuciya, domin na'urar ta yi aikinta, mu ne muka koya wa kunnuwan mutane su raina ta.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan harka sun san haɗarin. A Holan ana gwada jiniyar ƙasa ranar Litinin ta farko a kowane wata da ƙarfe 12 na rana, kowa ya san lokacin, don haka idan ta yi kuka a wani lokaci dabam babu mai tambayar ma'anarta. A Japan garuruwa da yawa suna amfani da lasifikan gargaɗi kullum da yamma, amma ɗan kiɗa mai taushi suke sakawa, wanda ba ya kama da sautin bala'i ko kaɗan. Wannan rarrabewar ita ce mai sayar da irin wannan kaya ya kamata ya fara koya wa mai saye, kuma ita ce namu ya tsallake don ciniki ya faɗa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Gana ga unguwannin zama ita ce desibel 55 da rana, 48 da dare, kuma a layinmu akwai Kiristoci, akwai marasa lafiya, akwai masu aikin dare. Ba wanda zai yi ƙorafin jiniyar gobara, amma kukan gobara kullum kafin asuba har wata guda nauyi ne da muka ɗora musu ba tare da shawara ba. Ga kuma lokacin hana kiɗa da hayaniya da sarakunan ƙabilar Ga, 'yan asalin Akra, suke sakawa kafin bikinsu na gargajiya na Homowo, wanda mai shagon bai ko ambata mana ba.

Wanda zai saya, ina ba shi shawarar na'urar ba tare da shakka ba, amma ya tsaya kai da fata a raba masa maɓallan tun ranar farko, a sa na gaggawa cikin akwati mai kwaɗo. Mu yanzu makullin yana hannun mutum biyu, an rubuta lambar 'yan kwana-kwana 192 da lambar gaggawa 112 a jikin akwatin, sahur da taro kuma sun koma lasifikan masallaci. Na kira shagon sau uku kan su zo su raba sautukan su kuma karkata bakin lasifika ɗaya zuwa gangare, kowane karo sai a ce mini yaro yana tafe, kuma har yau bai iso ba.