BlueJ: manhajar da ke buɗe maka cikin objek ka gani da idonka

Tambayar da ta fi ɗaure wa sabon ɗalibin Java kai ita ce: an rubuta `int kudi;` sau ɗaya tak a cikin kilas (wato tsarin da ake ƙirƙiro objek da shi, kamar asusu), to yaya aka yi asusu biyu kowanne ya riƙe nasa kuɗin? Amsar ita ce bariyabul na objek, wato ma'ajiyar da ake ambata a jikin kilas, a wajen kowane metod (aikin da objek ke iya yi), wadda duk objek da aka ƙirƙiro yake samun tasa ta kansa. Faɗin haka da baki ba wuya, ganinsa ne aiki, kuma nan BlueJ, manhajar koyon rubuta Java, ta yi wa sauran manhajoji fintinkau.

Michael Kölling da John Rosenberg ne suka fito da ita a Jami'ar Monash ta Ostareliya a 1999, yanzu kuma ana kula da ita daga King's College da ke Landan. Kyauta ce, tana hawa Windows da macOS da Linux.

Ga gwajin da zai nuna maka amfaninta. Rubuta kilas mai suna `Asusu`, ka sa masa `private String suna;` da `private int kudi;`, sai metod `ajiye(int adadi)` mai ƙara adadin a kan kuɗin. Danna Compile. Kilas ɗin zai fito a matsayin akwati a tsakiyar allo. Idan da zane-zane a jikinsa, ba a harhaɗa shi ba tukuna. Latsa shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi `new Asusu()` sau biyu. Jajayen akwatuna biyu za su sauko ƙasan allo, `asusu1` da `asusu2`. Buɗe kowanne da Inspect ka jera tagoginsu gefe da gefe, sannan ka kira `ajiye` da 500 a kan na farko. Nan take kuɗin `asusu1` zai koma 500, na `asusu2` yana nan a sifili. Duk wannan ba tare da `main` ko `System.out.println` ko ɗaya ba, kuma tagar tana nuna har waɗanda aka kulle da `private`.

Lura da sifilin nan: ba kai ka sa shi ba. Java kan ba bariyabul na objek ƙimar farko da kanta, 0 ga `int`, `false` ga `boolean`, `null` (wato babu komai) ga `String` da sauran objek. Na cikin metod ba su da wannan gata. Ka yi amfani da su kafin ka ba su ƙima, kod ɗin ba zai harhaɗu ba.

Inda manhajar ta fi biyan buƙata shi ne kuskuren da kusan kowa ke faɗawa. A cikin konstirakta, wato ɓangaren kod da ke aiki lokacin ƙirƙiro objek, sai ɗalibi ya rubuta `String suna = sabonSuna;`. Kalmar `String` da ya maimaita ta haifi sabon bariyabul na wucin gadi, wanda ya rufe na objek ɗin, ya kuma ɓace da zarar konstirakta ya gama aiki. Java ba za ta ce uffan ba, don a ƙa'ida babu laifi. Sai can gaba shirin ya fashe da `NullPointerException`, a layin da ba ruwansa. A BlueJ kana buɗe Inspect za ka ga `null` zaune a gaban `suna`. Ka cire `String` ɗin, an gama. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne `suna = suna;`, idan abin da aka miƙo wa konstirakta sunansa ɗaya da na objek; maganinsa `this.suna = suna;`.

Haka ma `static`. Ƙara shi a gaban `kudi`, sai ka ga ya bar jerin da ke tagar objek, ya koma ƙarƙashin Show static fields, kuma duk asusun da ka zuba wa kuɗi, na kowa ne ya ƙaru, tunda yanzu ma'ajiya ɗaya ce ta kilas baki ɗaya.

Tana da nata aibin. Duk lokacin da ka gyara kod ka sake Compile, jajayen akwatunan nan sharewa suke yi, sai ka sake ƙirƙiro su ɗaya bayan ɗaya. Da dalili, tunda tsohon kilas ne ya haife su, amma da gajiyarwa. Wurin cika ƙima idan za ka kira metod ma yana da tarko: rubutu sai an sa shi cikin alamar zance, `"Bala"`, in ba haka ba za a ɗauke shi sunan bariyabul a ce ba a same shi ba. Wurin rubuta kod ɗin kuwa bai kai na manyan manhajoji irin su IntelliJ ko Eclipse ba ko kusa, kodayake launukan da yake shimfiɗa wa kowane metod suna taimakawa wajen gane iyakar inda bariyabul yake raye.

Babbar illar ita ce sabo. Wanda ya daɗe yana kiran metod da linzami yakan daburce ranar da aka ce ya rubuta `Asusu a = new Asusu();` da hannunsa. Don haka daga makon farko a riƙa haɗawa da Code Pad, wurin da BlueJ ta tanada don gwada layin kod nan take, ana rubuta irin waɗannan layuka ana duba sakamakon a Inspect. Da ɗalibi ya iya faɗin abin da tagar za ta nuna tun kafin ya buɗe ta, ya isa ƙaura zuwa babbar manhaja.