Kwas ɗin Famakalca: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka, Wanne Za Ka Guje Wa

Bari in faɗi inda na karkata tun da wuri, kada a ce na yi rufa-rufa. Idan yanzu kake son fara koyon famakalca, gajeren kwas na kwana biyu a cikin gona ta gaske ya fi duk sauran. Hanyoyi huɗu ake bi, na bi uku a cikinsu, ɗaya kuma ta ci mini kuɗi a banza.

Ga wanda bai saba jin kalmar ba, an haɗa ta ne daga kalmomin Turanci biyu masu nufin "dindindin" da "noma". Bill Mollison da David Holmgren ne suka ƙirƙiro ta a tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya a tsakiyar shekarun 1970, littafinsu na farko ya fito a 1978. Ginshiƙanta uku ne: kula da ƙasa, kula da mutane, da adalci wajen rabon abin da aka samu. Da yawa suna ɗauka dabarun lambu ne kawai, alhali ilimin tsara wuri ne: ina ruwa zai tsaya, ina bishiya za ta yi inuwa, yaya abin da wani ɓangare ya zubar zai zama abincin wani.

Ga hanyoyin huɗu. Bidiyon kyauta na YouTube yana da daɗin kallo kuma yana zaburar da mutum, amma babu mai gyara maka kuskure. Babban kwas na awa 72, wanda ake ba da satifiket a ƙarshensa kuma aka gina manhajarsa a kan littafin Mollison na 1988, abu ne mai kyau, sai dai ba da shi ake farawa ba. Yakan ci kusan mako biyu idan a jere aka yi shi, kuma wanda bai taɓa riƙe fartanya ba zai fito da kai cike da taswira ba tare da ya san inda zai fara sara ba. Kwas na intanet yana da ɗan dama-dama idan daga sananniyar cibiya ya fito. Jami'ar Jihar Oregon a Amurka, alal misali, ta daɗe tana koyar da wannan fanni ta intanet. Amma allon waya ba ya koya wa hannu bambanta laka da yashi.

Kwas na kwana biyu a gona kuwa, a nan ne abin yake shiga jiki. Wanda na halarta, malaminmu bai fara da lacca ba. Ya ba mu sanduna uku da zare da ɗan dutse, muka ɗaure sandunan kamar harafin A, muka rataye dutsen daga sama. Ya ce mu kafa a ƙasa mu yi alama inda zaren ya ratsa sandar tsakiya, sannan mu juya ƙafafun kowacce ta koma gurbin 'yar'uwarta mu sake yin alama. Tsakanin alamomin nan biyu, nan ne daidai: in zaren ya tsaya a nan, ƙafafun biyu suna kan tsayin ƙasa ɗaya. Da wannan ɗan abin muka bi gangaren gonar muna kafa tsinke, sai ga layi ya fito yana lanƙwasa kamar maciji a wurin da idona ya rantse shimfiɗaɗɗe ne. A kan irin wannan layi ake haƙa dogon ramin da ke tare ruwan sama ya nutse a ƙasa maimakon ya gudu da ita.

Washegari muka haɗa taki, busasshiyar ciyawa da ɗanyen ganye da kashin dabbobi hawa-hawa. Ya sa kowa ya damƙi haɗin ya matse: in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, laimar ta yi, in ya tsiyaya an cika ruwa. Ya kai mu wani tulin da aka haɗa kwana huɗu kafin nan, na cusa hannu na zare shi da sauri don zafi. Irin wannan tulin yakan kai digiri 55 zuwa 65, kuma in ana juya shi a kai a kai yakan nuna cikin kamar kwana 18. Na sha karanta wannan, amma sai ranar na yarda. A nan kuma na fahimci rabon fili shiyya-shiyya, daga gida har zuwa shiyya ta biyar da ake bari wa daji, domin da ƙafa muka taka su, muka ga abin da ake ziyarta kullum shi ne a bakin ƙofa.

To, sai maganar 'yan damfara, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ka sani babu wata hukuma guda a duniya da ke tantance duk masu koyar da famakalca. Wasu ƙasashe suna da ƙungiyoyin da ke yin haka, kamar Birtaniya, amma a wurare da yawa kowa yana iya buga takarda ya kira kansa malami. Mutum ya gama kwas na mako biyu a wannan watan, wata mai zuwa ya buɗe nasa.

A hannun irin wannan na fara faɗawa. Hotunan tallansa kamar aljanna. Da muka je, na lura bishiyoyin duk tsayinsu ɗaya, na tona gindin wata da ƙafa sai ga baƙar ledar reno ba a ko cire ta ba. Kwana biyu muka yi a zaune muna kallon hotunan gonakin wasu, ciki har da aikin Geoff Lawton, wani sanannen malamin famakalca, na farfaɗo da busasshiyar ƙasa a ƙasar Jodan, mai kwas ɗin yana magana kamar da shi aka yi. Ya ce kowa ya je ya haƙa ramin tare ruwa, bai tambayi kowa irin ƙasarsa ba. Tawa laka ce mai riƙe ruwa. Na haƙa, ruwa ya kwanta, saiwar 'yan bishiyoyina ta ruɓe. A gangare mai tsanani ma ramin yana iya jawo zaftarewar ƙasa, bai ko ambata ba.

Saboda haka kafin ka biya ko sisi, nemi a bar ka ka ga gonar. Bishiya ba ta ƙarya, kaurin gindinta zai gaya maka shekarun da aka yi ana aiki a wurin. Tambaye shi wa ya koyar da shi, da yaushe. Tambaye shi abin da ya gwada ya lalace. In ya ce babu, kama gabanka. Haka wanda ya yi maka alƙawarin gona mai noma kanta ba wahala, ko mai cewa satifiket ɗinsa zai sama maka aiki, ko wanda rabin darasinsa tallan babban kwas ne da ragin da "zai ƙare yau da dare". Ka kuma duba ko yanayin wurinsa ya yi kama da naka, domin dabarar ƙasar sanyi mai yawan ruwa tana iya kashe shuka a ƙasa mai zafi da fari. Ka tambayi yawan ɗalibai ma, don in sun yi yawa wasu ne za su riƙe sanda, kai kallo za ka yi.

In ka sami wanda ya tsallake waɗannan, tafi da zanen filinka ko da a bayan takarda ne, ka nuna gabas da inda ruwa ke bi in an yi sama, ka ɗebi ƙasar wurin a kwalba. Malamin kirki zai zuba mata ruwa ya girgiza, ya ajiye ku ga yashi ya fara kwantawa, laka kuma ta kwana tana yawo a sama, kafin ya ce maka ka haƙa komai.