Wasiƙa daga Bradford: Ragon nan da ragon gida

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ka tambaye ni yadda kiwo yake a nan Ingila, ko akwai abin da za ka ɗauka. Na jinkirta amsa ne sai da na je na gani da idona.

A watan Yuni wani abokin aikina ya kai ni gonar kawunsa a tsaunukan Yorkshire, ranar askin tumaki. Ka san namu, Balami da Uda da 'Yankasa, gashinsu kwance yake, ba mai aske su. Na nan kuwa ulu ne jibge a jikinsu, in ba a aske ba lokacin zafi ƙudaje su yi ƙwai a ciki, tsutsa ta ci naman dabbar da ranta. Mai askin ya zaunar da tunkiya a tsakanin ƙafafunsa, ya bi ta da inji, cikin minti biyu ulun ya sauka ɗungurungum kamar an tuɓe mata bargo. Na taɓa shi, hannuna ya yi maiƙo. Na ce wa dattijon lallai ya tara dukiya. Sai ya girgiza kai, ya ce yana biyan mai aski kusan fam 2 kowace tunkiya, ulun irin tumakinsa na kan dutse kuwa kaushi gare shi, kafet ake yi da shi, kuɗinsa ba ya mayar da ladan askin. A 2020, da korona ta rufe kasuwa, wasu makiyayan ƙona nasu suka yi, wasu suka zuba a taki.

Abin ya taɓa ni, Yaya, domin garin nan da nake zaune da ulu aka gina shi. Akwai wata tafkekiyar masaƙa a Saltaire, nan kusa da Bradford, da aka buɗe a 1853, ta ciyar da dubban iyalai, ta daina aiki a 1986. Yanzu shaguna da wurin kallon zane ne a ciki. Duk lokacin da na wuce sai masaƙun Kakuri su faɗo mini a rai.

Sai dai akwai abin da ya burge ni. Tun 1950 suke da hukumar makiyaya, British Wool, hedikwatarta a nan Bradford. Mai tumaki goma da mai dubu duk wuri ɗaya suke kai ulunsu. A auna, masana su ware shi daraja-daraja, a haɗa da na wasu, a yi gwanjonsa, sannan a biya kowa gwargwadon nauyi da kyan nasa. Farashin ya faɗi, gaskiya ne, amma ba wanda zai tare ƙaramin makiyayi a bakin hanya ya taya masa yadda ya ga dama. Nan na tuna fatun layyarmu. Kowace shekara ranar Sallah yara su bi gida-gida, a ba su a arha ko a kyauta, wasu su ruɓe don ba a sa gishiri da wuri ba, alhali majemun Kano na neman fata mai kyau. Da unguwarmu za ta tara nata wuri ɗaya, a gyara, a sayar baki ɗaya, da an ga bambanci.

A wajen cin moriyar dabba kuwa mun fi su nesa ba kusa ba. Kai da ƙafa, kayan ciki, kitse, buzun da Baba yake salla a kai, ba abin da ke tashi a banza a gidanmu. A nan sai ka je shagon mahautan Pakistan kafin ka samu tumbi da ƙafafu. Layya ma ba ka ganin ragonka. Ka biya mahauci, a yanka a mayanka mai lasisi, a miƙo maka nama a leda. Kowace tunkiya da lamba a kunne, in za ta bar gona sai an rubuta inda za ta. Sun ƙara tsanantawa ne bayan annobar ciwon baki da kofato ta 2001, da aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Na je kasuwar dabbobi ta Skipton, mai gwanjo na ta zuba kamar ruwa, kafin ka ƙifta ido an sayar. Ba musafaha, ba "albarka", ba dillalin da zai ja ka gefe kamar a karar Wudil ranar Juma'a. Na yi kewar wannan ƙwarai.

Batun sana'ar abinci da matata ta fara, tana yin masa da dambun nama a gida ranar Asabar. Kafin ta sayar da ko ɗaya sai da ta yi rajista da ƙaramar hukuma kwana 28 kafin farawa, kyauta ne. Wata jami'a ta zo har kicin, ta buɗe firji ta auna sanyinsa, ta duba inda ake yanka ɗanyen nama, sannan aka ba da maki, daga 0 zuwa 5 suke bayarwa. Abin da ya fi ba mu mamaki yaji ne. Ƙuli-ƙulin da ke ciki gyaɗa ce, kuma tana cikin abubuwa 14 da doka ta ce dole a sanar da mai saye, don akwai waɗanda ɗan kaɗan zai toshe musu numfashi. Da farko mun ga kamar takura ce. Yanzu Turawa maƙwabta na saye ba fargaba, saboda takardar da ke jikin robar.

Kilishin da ka ce za ka ba Alhaji ya taho da shi, don Allah ka bari. An hana shigo da nama daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe. In da hali a aiko da kuka da kuɓewa busasshiya. Sannan ka tambayar mini Sarkin Fawa nawa aka sayi fatar rago a Sallar da ta wuce, da kuma ko mahautan za su yarda a zauna a kan maganar tarawar nan. Kuɗin gishirin shekarar farko ni zan biya.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata na samo mata rigar sanyi ta ulu kafin hunturu.