Wata huɗu da bindigar wasa mai gas: sanyinta ne ya ƙone ni

Ƙanena ne ya jawo ni. Shi ya fara ganin wasan airsoft, wato harbi da bindigar wasa mai 'ya'yan roba, a YouTube, ya yi ta "Yaya, mu saya, Yaya, mu saya" har na gaji na tura wa wani mai sayarwa ta intanet kuɗi. A watan Disamba kayan suka iso gidanmu a Tudun Wada: ƙaramar bindigar wasa ƙirar Taiwan, gidan harsashi biyu, leda guda ta 'ya'yan roba masu faɗin milimita 6 da nauyin giram 0.20, sai gwangwani biyu na abin da suke kira girin gas. Takardar bayani kuwa ko ƙyalle babu.

Gaskiya abin ya yi kyau a hannu. Tana da nauyi, kuma duk lokacin da ka danna kunama murfin sama yana ja da baya ya dawo da ƙara, ka ji ɗan gyaɗi a tafin hannu. Daga taku goma sha biyu ina kayar da gwangwanin madara a bayan gida ba tare da wahala ba. Gidan harsashin na cin 'ya'ya ashirin da ɗoriya, cikon gas ɗaya yana kai ni zagaye biyu idan ban yi gaggawa ba.

Sai dai tana da hali irin na ɗan Adam, yanayi na juya ta. Da safiyar hunturu, lokacin da hazo ya rufe gari kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, harbinta laƙwas yake, wani lokaci murfin ma ba ya ƙarasa komawa. Yanzu da zafin Afrilu ya shigo, kamar an canza ta. Dalili shi ne gas ɗin a matsayin ruwa yake zaune cikin gidan harsashi, ƙarfinsa kuma da ɗumi yake tafiya. In ka yi ta harbi ba ƙaƙƙautawa, ƙarfen zai yi sanyi har ya yi gumi, ƙarfin ya faɗi.

Wannan sanyin ne na raina. Girin gas ba wani abu ba ne illa furofen, ɗan'uwan gas ɗin girki, da aka haɗa da ɗan man silikon, kuma ruwan furofen yana tafasa ne a digiri 42 ƙasa da sifili. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin cika tukunyar gas ya ga farin hayaƙi da ƙanƙara a bakin tiyo ya san abin da nake nufi.

A sati na biyu abin ya faru. Yadda ake cikawa shi ne a juya gidan harsashi gindinsa sama, a kife gwangwanin a kansa, a danna tsaye cak. Ni kuma ina zaune a kan tabarma, ina hira, na riƙe shi da hagu babban yatsana dab da bawul ɗin, wato ɗan bakin da gas ke shiga, gwangwanin ya ɗan karkace. Sai "fsss", farin feshi a kan yatsa. Maimakon in saki, sai na ƙara dannawa wai don bakin ya zauna daidai, rowar gas ta hana ni ɗagawa. Bai fi ƙiftawar ido uku ko huɗu ba. Da na duba, kan yatsan ya yi fari fat, ya ƙandare kamar kyandir, na taɓa ban ji komai ba. Rashin jin zafin ne ya fi ba ni tsoro.

Uwargida ta fito da makilin a hannu, tana cewa, "Malam, kawo in shafa maka." Ƙanena kuma ya ce in kara a kaskon gawayin da Hajiya ke jin ɗumi. Allah ya taimake ni maƙwabcinmu ma'aikacin jinya yana gida. Ya ce kada in kuskura in kai yatsa wuta, domin fatar da ta mutu da sanyi ba za ta gaya maka ta fara gasuwa ba, kuma kada in murza. Ya sa aka sirka ruwa mai ɗumi daidai jiki, wajen digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannu za ta zauna a ciki lafiya, na tsoma yatsan kusan rabin awa ana ƙara na ɗumi. Lokacin da jini ya fara dawowa, zogin da na sha ba a cewa komai. Washegari bororo ya tashi, ya hana ni fasawa, ya naɗe da bandeji sako-sako. Ya ce da farin bai washe ba, ko wurin ya soma baƙi, asibiti za mu nufa kai tsaye. Sati biyu ina danna waya da ɗan manuni.

Tun daga nan ba na cikawa sai da safar hannu ta fata, irin ta masu walda, ba ta ulu ba, don ulu shan ruwan yake ya manna maka shi a jiki. Ina riƙe gidan harsashin daga can ƙasa, bakinsa ba ya kallon fuskata, in danna kaɗan-kaɗan, da na ji feshi in ɗaga. Sannan in bar shi ya yi ɗumi a aljihu kafin in harba. Feshin nan, na gano daga baya, har da laifin zoben robar bawul da ya bushe. Ɗigon man silikon ya gyara shi. Baƙin mai ko girisin mota cinye robar suke yi. Ina kuma barin ɗan gas a ciki in zan ajiye, don zoben kada ya sake bushewa.

A tsakar gida nake cikawa, nesa da kicin da janareta. Furofen yana kama wuta, ya fi iska nauyi, kuma wannan ba shi da warin nan na gas ɗin girki da zai faɗakar da kai. Gwangwanin ba ya kwana a mota, balle a zafin nan. Tabarau mai kare ido kuwa dole ne ga mai harbi da mai kallo, don 'ya'yan suna dawowa idan sun bugi bango.

Zan sake saye? Bindigar ba ta cuce ni ba, amma gas ɗin na da tsada da wuyar samu a nan, kuma mai sayarwa da zai turo abu irin wannan ba ko layi ɗaya na gargaɗi bai kyauta ba. Sannan ga babbar magana: daga nesa ba mai bambanta ta da ta gaske. A halin da ake ciki, ba jami'in tsaro ko ɗan sintirin da zai tsaya tambayarka ko ta roba ce. Ƙanena ya so ya kai ta Samaru ya nuna wa abokansa, na ce ko zaure ba za ta leƙa ba. Tana cikin akwati a saman durowa, makullin yana haɗe da na babur ɗina.