Maganaɗisun ƙafar keke: aikin wani mai gyara a bakin Kasuwar Dole

Na'urar auna gudu da nisan tafiya ta kamfanin Cateye da ke kan kekena ta daina nuna gudu a hanyar dawowata daga Mirya, kuma sai da na isa gida a unguwar Birni ta Damagaram na lura cewa ƙaramin maganaɗisun da ke maƙale a wayar ƙafar gaba ya faɗi, wataƙila a ɗaya daga cikin ramukan hanya. Na zagaya shagunan kayan keke ban sami wanda ke sayar da shi shi kaɗai ba. Kowa ya ce sai dai in sayi sabuwar na'ura sukutum.

A bakin Kasuwar Dole na sami wani dattijo mai gyaran keke wanda ya karɓi aikin ba tare da dogon ciniki ba. Abin da ya fara burge ni shi ne ya san yadda na'urar take aiki. Duk lokacin da ƙafa ta yi juyi guda, maganaɗisun yakan gifta gaban wani ɗan makunni da ke ɗaure a ƙarfen da ya rungumi ƙafar, makunnin ya haɗe, na'urar ta ƙirga ɗaya, sannan ta ninka da kewayen tayar da aka shigar mata. Tawa taya inci 26 ce, kewayenta milimita 2050, wato juyi kusan 488 ke nan a kowace kilomita. Saboda haka, in ji shi, na'urar ba ta tambayar sunan kamfanin da ya ƙera maganaɗisu, ƙarfinsa da kusancinsa kawai take bukata.

Ya ciro wani ƙarami mai ƙarfi daga mataccen abin sauraron kunne, ya liƙa shi da gam, ya naɗe da zaren robar tsohuwar taya. Gwajin farko bai yi kyau ba, domin lambobin sun riƙa tsalle, wani lokaci gudun ya ninka kansa, kamar ina tsere da ɗan kabu-kabu alhali a tsaye nake ina juya ƙafa da hannu. Ya ce, “Malam, yi haƙuri, sau biyu yake taɓa makunnin a juyi guda.” Ya zame shi har ya daidaita da alamar da ke jikin makunnin, ya bar tazarar da ba ta kai milimita 5 ba, ya kuma sauko da su duka biyun kusa da cibiyar ƙafa, inda maganaɗisun ke wucewa a hankali, ƙirga ba ta kuɓucewa ko da an sheƙa da gudu.

Kuɗin da ya karɓa dala hamsin ne, wato sefa 250, na ga kuwa ya ci guminsa. Na sake bin hanyar Mirya, na'urar ta nuna mini kilomita 18 da 'yan kai, daidai da abin da ta saba nunawa.

Ƙorafina ɗaya ne: ɗaurin roba ba ya jure zafin Damagaram. Bayan mako uku a cikin bazara ya saki, maganaɗisun ya karkace, sai da na koma ya ƙara masa siririyar waya, bai kuma nemi ko dala ba. Wanda zai kai masa irin wannan aiki ya nemi ɗaurin waya tun daga farko, ya kuma riƙa goge baƙar ƙurar ƙarfen da maganaɗisun ke tarawa.