Gargaɗi ga masu babura: ku kiyayi masu tallar kayan ƙara wa inji ƙarfi a intanet

Jama'a, musamman matasa masu babura da 'yan acaɓa, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, kuma tana cin mutane a ɓoye, domin wanda ta ci kunya ke hana shi faɗa. Wasu ne ke tallar tarin kayan da suke cewa za su mayar da babur ɗinka na gudu: CDI (akwatin da ke ba fulogi wuta) mai launi, sabon bulok da fistin, salansa mai ƙara, fulogi na musamman, matatar iska buɗaɗɗiya, da wani ɗan maganaɗisu da ake maƙala wa tiyon fetur. Alƙawarinsu guda biyu ne, wai gudu zai ƙaru, shan mai kuma zai ragu. Sai su ɗora da maganar da ta fi komai muhimmanci a wurinsu: ba ka bukatar bakanike, da kanka za ka ɗaura a gida, za mu turo maka bidiyo.

Ni mai sayar da kayan gyaran babura ne, don haka wani zai ce kishi ne ya sa ni magana. To, ya ce. Amma shagunanmu ake kawo baburan bayan sun lalace, mu ne muke ganin abin da ke cikin kwalin.

Wannan magana ta "ɗaura da kanka" ita ce gindin damfarar. Duk bakaniken da ya yi shekaru yana kwance inji, da ya riƙe fistin a hannu ya san ko na kirki ne ko jabu. Shi ya sa ba sa so kayan su bi ta gareji. Za su ce maka makanikai ba su san sabuwar fasaha ba, ko za su musanya maka kayan su ba ka tsoho, ko kuɗin aiki kawai suke nema. Idan ka yarda ka ɗaura da kanka, sun ci riba biyu. Babu ƙwararren da ya ga kayan kafin a sa su, sannan ranar da inji ya buga, amsa a shirye take: kai ne ba ka ɗaura daidai ba, ba ka bi bidiyon yadda ya kamata ba. Kuma da yake kai ma ka san ba sana'arka ba ce, sai jikinka ya yi sanyi, ka haƙura.

Kasuwar tasu ta buɗe ne sosai bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Ɗan acaɓan da ke lissafin abin da zai kai wa mai babur da yamma, in aka ce masa ga abin da zai rage masa rabin mai, dole kunnensa ya tashi. Ba wauta ba ce, matsi ne, kuma da shi suke cin abinci.

Mu fara da maganaɗisun nan, tunda shi ne ƙaryar da ta fi fitowa fili. Fetur ba ƙarfe ba ne, maganaɗisu ba ya jan sa, ba ya kuma "daidaita ƙwayoyinsa" kamar yadda suke faɗa da bakin masana. Wannan talla tsohuwa ce ƙwarai, an daɗe ana yin ta ga masu motoci a ƙasashen waje. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori sama da 100 da ake cewa suna rage shan mai, ba ta samu ko ɗaya da ke kawo ragi na a zo a gani ba. Da ɗan ƙarfen nan yana aiki, da Bajaj da TVS da Honda, waɗanda ke gasa da juna a kan wa ya fi tsimin mai, sun saka shi tun daga masana'anta.

Haka kuma alƙawarin gudu da tsimi a lokaci guda. Ƙarfin inji daga ƙona mai yake fitowa. Injin fetur yana aiki daidai ne idan iska ta ninka mai wajen sau 14.7 a nauyi. Kana son ƙarin ƙarfi, sai ka shigar da ƙarin iska, ƙarin iska kuma yana neman ƙarin mai. Ba wani kwali da zai sauya wannan lissafi.

Inda suka fi cutar mutane shi ne bulok. Za su ce ga kayan da za su mayar da injinka mai girman 125 ya zama 150, har ka ga an rubuta lambar a jikin ƙarfen. Rubutu ba wuya gare shi ba. Girman inji ana sanin sa ne daga faɗin fistin da nisan da yake hawa da sauka. Ga masu baburan China irin injin CG, ku duba lambar da ke jikin injin: in ta fara da 156FMI ko 157FMI, 125 ne, faɗin fistin ɗinsa milimita 56.5. Wanda ya fara da 162FMJ shi ne 150, faɗinsa milimita 62. Roba-roba mai 152FMH kuwa, da ake kira 110, faɗin nasa milimita 52.4 ne. Saboda haka duk wanda ya sayar maka da bulok na irin injin CG ya ce 150 ne, a sa ma'auni a kan fistin. In bai kai 62 ba, 125 ɗinka ya sake sayar maka, sau da yawa ma wanda bai kai naka na asali inganci ba. Na ga irin wannan an wanke tsohon bulok, an fesa masa fenti, an sa shi a sabuwar leda. Yaron da ya kawo shi, wanda yake aiki da baburin wani bawan Allah, ya cire bulok mai lafiya ya sa wannan, bai yi nisa ba babur ya fara hayaƙi yana shanye baƙin mai.

Ba ina cewa faɗaɗa inji ƙarya ba ne gaba ɗaya. Ana yi, kuma yana aiki a wasu injinan. Amma aiki ne na mai kayan awo. Wani lokaci sai an faɗaɗa bakin gidan injin kafin babban bulok ya zauna, sai an duba tazarar ringi, an sa gaskit ɗin da ya dace, an ɗaure notina da ƙarfin da ya kamata, an saita bawul, an sake wa kafireto jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi. Bayan haka ma sai an lallaɓa babur na wani lokaci kafin a matsa masa. Wanda ya ce za ka yi duk wannan a tsakar gida da sifana biyu da bidiyon minti uku, ko bai san aikin ba, ko ya sani ya ɓoye.

Sai CDI, ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta a lokacin da ya dace. Nasu yakan zo da shuɗi ko ja, mai sheƙi, an rubuta masa sunan tsere. Akwai waɗanda in ka fasa su, abin da ke ciki bai bambanta da na talakawa ba, riga kawai aka sauya masa. Waɗannan ma su ne masu sauƙi, kuɗinka kaɗai suka ci. Mugayen su ne masu gaggauta wuta fiye da kima: inji ya riƙa ƙwanƙwasa, ya yi zafi, kik ya riƙa dukan ƙafarka. Ga kuma wani abin da ba sa faɗa. CDI iri biyu ne, akwai mai karɓar wuta kai tsaye daga kwayil, akwai mai karɓa daga batir, kuma soket ɗinsu na iya yin kama. In ka haɗa wanda ba na baburinka ba, ko dai ya ƙi tashi, ko wani abu ya ƙone. Mai tallar bai tambaye ka irin baburinka ba, cewa ya yi yana hawa kowane iri.

Salansa da buɗaɗɗiyar matatar iska su ne suke yaudarar kunne. Ƙara ta ƙaru, sai mutum ya rantse gudu ya ƙaru. Abin da ke faruwa a ciki shi ne iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, tunda ba a taɓa kafireto ba. Inji mai irin wannan haɗi zafi yake ɗauka. Ciro fulogi ka gani, bakinsa zai yi fari fat maimakon ruwan ƙasa. In aka ci gaba a haka, bawul ya ƙone, wani lokaci fistin ya huje. Baburanmu iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba, ka kuma tuna zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda ake haura digiri 40. Matatar nan kuwa, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta gama da ita. Akwatin iska na asali da ake raina shi, shi ke tare ƙasar da in ta shiga silinda take cinye ringi.

Fulogi ba sai na daɗe a kansa ba. Kamfanin NGK da kansa ya sha gargaɗi kan jabun fulogoginsa. Ko na gaske ne, fulogi ba ya ƙara wa inji ƙarfi, lafiyayyen wuta kawai yake bayarwa.

Duk wannan ga wanda kayan suka iso masa ne. Da yawa ba sa ganin ko kwali. Salon iri ɗaya ne kusan kullum. Ba a biya in kaya sun zo, sai ka fara turawa. In ka tura, sai a ce direban da aka ba saƙon yana neman kuɗin mota. Gobe a ce jami'ai sun tare motar a hanya, sai an ɗan ba da wani abu. Tun kana ganin ka riga ka zuba da yawa, sai ka ƙara don kada na farko ya tafi a banza. Ranar da ka ɗaga murya, a toshe lambarka. Kuma sun iya baki, suna ta wallahi tallahi, suna kiran ka ɗan uwa, suna cewa amana ce tsakaninmu. Rantsuwa ba rasit ba ce.

Kafin ka tura ko sisi, duba sunan da ya fito a asusun bankin. In shafin yana ɗauke da sunan kamfani amma asusun na wani mutum ne daban, kuma kowane mako ana ba da sabo, ka tsaya. Facebook yana nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa amfani da su, shiga ka duba, za ka tarar da wanda watan jiya atamfa yake talla. Masu yabo a ƙasan tallar, leƙa nasu shafukan, yawanci ba hoto ba tarihi. Bidiyon gwajin kuma allurar mita kaɗai ake nuna maka tana hawa, ba ka ga babur ba, ba ka ga ko gangara ce ba. Tambaye shi lambar shagonsa. In ya ce yana Nnewi ko Legas, ai 'yan kasuwarmu na Kano da Kaduna da Maraɗi suna da abokan hulɗa a can, a tura wani ya gani da ido. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Akwai abin da nake so matasa su sa a rai ko da kayan na gaske ne. Birkin yawancin baburan nan an yi shi ne daidai da gudun da masana'anta ta ba su. Daga kilomita 60 zuwa 80 a awa kamar ba nisa, amma aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da kai ya kusa ninkawa, saboda nauyin gudu ba ɗaya bayan ɗaya yake hawa ba. Ban taɓa ganin ɗaya daga cikin masu tallar nan ya yi maganar birki ko taya ba. Wanda kuma ya karɓi babur a kan biya kaɗan-kaɗan, ya sani buɗe inji na iya soke garantinsa, bashin kuwa yana nan.

In babur ɗinka ya yi nauyi, yawanci gyara yake nema: a wanke kafireto, a saita bawul, a wanke ko a sauya matatar iska, a ja sarƙa daidai, a duba iskar taya, a sa baƙin mai na kirki a kan lokaci. Mai yawan tafiyar titi mai nisa yana iya sauya ƙaramin faifan haƙoran sarƙa na gaba daga mai haƙora 14 zuwa 15, wanda ke tsawaita giya da kusan kashi 7 cikin 100, amma zai rasa ɗan ƙarfin tashi da na ɗaukar kaya. Bakanikenka zai faɗa maka ko ya dace da aikinka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge komai. Ka ɗauki hoton hirarku, da tallar, da lambar wayar, da shaidar tura kuɗin. Je bankinka a ranar, ba gobe ba, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin, domin da sauri ne kaɗai ake iya riƙe kuɗi kafin a kwashe su. In mako biyu ya wuce ba a yi komai ba, akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin Najeriya. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC. In jabun kaya aka kawo maka, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye da hukumar SON mai kula da ingancin kaya suna karɓar ƙorafi, don haka ka ajiye kayan da kwalinsu.

Kuma da zarar ka ba da labarinka a fili, wasu za su biyo ka ta saƙo su ce su ma'aikatan banki ne ko masana kwamfuta, za su dawo maka da kuɗinka in ka biya wani abu, ko in ka ba su BVN ɗinka da lambar sirrin da za ta shigo wayarka. Kada ka ba su. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da sabon layi.