Zagayen tsohon gidan tsare bayi na Elmina: aikin jagora na da kyau, amma ana gaggauta bayanin ginin

Ga 'yan Zangon Accra masu shirin kai iyali ko ɗalibai Elmina, tafiyar ta kai kilomita 150. A hau mota a tashar Kaneshie bayan sallar asuba, domin cunkoson Kasoa na iya cinye safiyar duka. Daga Cape Coast sauran tafiyar ba ta da yawa. Kuɗin shiga na ɗan ƙasa bai kai na baƙo ba, don haka a riƙe Ghana Card.

Hukumar gidajen tarihi ta Ghana ce ke kula da wurin, kuma jagororinta sun san aikinsu a ɓangaren kurkuku. Suna nuna ɗakunan maza da na mata, da barandar da gwamna ke tsayawa yana zaɓar mace daga tsakar gida, da ɗakin da aka sa alamar ƙoƙon kai a saman ƙofarsa, sannan ƴar siririyar ƙofar fita zuwa jirgi wadda mutum ɗaya kaɗai ke iya ratsawa. Ba su wasa da wannan bayani, kuma haka ya dace.

Inda suka gaza shi ne ginin kansa, abin da ke damuna ƙwarai. Turawan Fotugal ne suka kafa shi a 1482 ƙarƙashin Diogo de Azambuja, domin cinikin zinari. Cinikin bayi daga baya ya mamaye shi, shi ya sa kurkukun suka kasance tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya marasa isasshiyar iska. An ɗora shi a kan dutse tsakanin teku da tafkin Benya, aka sassaƙa ramuka biyu cikin dutsen ta gefen tudu, da gada mai ɗagawa. A roƙi jagora ya tsaya a nan, ya kuma nuna cocin Fotugal da ke tsakar gida, wanda ƴan Holan suka mayar wurin ciniki.

Duk kaurin bangon, raunin gidan yana waje. A 1637 ƴan Holan suka hau tudun St. Jago da ke tsallaken tafkin, suka girke igwa suna harbi daga sama har Fotugal ta miƙa wuya. Don kada a yi musu haka, sai suka gina wani sansani a kan tudun. Wanda bai hau can ya leƙo ba, ba zai gane yadda gidan ya faɗi ba, kuma zagayen bai haɗa da shi ba. A ware masa lokaci daban.

Ingila ta karɓi gidan a 1872, kuma a nan aka tsare Asantehene Prempeh na ɗaya, sarkin Asante, a 1896 kafin a kai shi Saliyo. Hanyar bayin arewa ta kasuwar Salaga kuwa sai an tambaya ake jin ta, alhali ta shafe mu kai tsaye.

Matakalai na da tsayi, gishirin teku da damshi kan sa wasu su yi santsi, don haka a sa takalmi mai kama ƙasa, a riƙe hannun tsofaffi. A tafi da ruwan sha. Samarin bakin ƙofa kan tambayi suna su rubuta a jikin ƙwaryar dodon koɗi, su nemi kuɗi a fitowa. Wanda bai so, kada ya faɗi sunansa.